Ɗan Kunnen da Ya Rasa Wari

Duk Lahadi, kafin kasuwar Tawa ta cika,
ina tsugune a rumfar Ghali,
yana zuga, ni ina tonon tasar da ya ware wa wuta:
karyayyen zobe, guntun munduwa, maƙullin sarƙa.
Abu ɗaya nake nema,
ɗan kunnen da ya rasa wari.

Shekara talatin na yi a gidan waya
ina jera wasiƙun da ba a zo ɗauka ba.
Can na kamu da ciwon, ina jin,
tausayin abin da ya iso shi kaɗai
cikin gari.

Ghali ya ce, "Malam Asumana, azurfa azurfa ce,
wuta ba ta tambayar kunnen da ya ɗauke ta."
Ya aza a sikeli, ya ce jikka biyu.
Na ce jikka da rabi, ga goro.
Ya ce albarka, hannunsa kuwa a buɗe.
Haka muke tun gemunsa na baƙi,
yau ga shi fari.

Ɗari da sha bakwai gare ni,
kowanne a ƙyallensa, cikin akwatin ƙarfe.
Akwai mai nauyi, na wajen Abalak,
da lanƙwasa inda aka fizge shi.
Akwai na tagulla mai ƙwayar murjani
da rana ta shanye wa ja.
Akwai wanda aka buga da tsohon kuɗi,
rabin haɓar wata sarauniya na leƙowa ta gefe.
Wani har yau warin man shanu yake, da hayaƙi,
in na kai shi hanci
sai ya soma labari.

Kulluwa ta ce, "Maza na tara awaki,
kai ka tara marayu.
Kunne ɗaya ka ga ina da shi?
Abin da ba ya haihuwa ba jari."

Wani dillali ya zo daga Yamai da ƴar fitila,
ya ce kada in goge ko ɗaya,
dauɗar ake saye yanzu,
za a jera su bayan gilashi a bangon wani otal.
Na ba shi shayi har zubi uku,
na ce bari.

Sai ranar nan bayan la'asar,
wata tsohuwa daga Barmu, Gaishatu,
ta yi sallama da ƙulli a bakin zane.
Tun ba ta gama kwancewa ba na gane shi:
ƴan ƙararrawa uku, ta tsakiya da lotsawa.
Na shiga ɗaki gwiwata na rawa,
na fito da na sittin da huɗu.

Ta ce, "Shekarar da shanu suka ƙare
na ba da wancan, aka auna mini gero tiya shida.
Wannan kuwa na ce sai dai a rufe ni da shi."
Na ce ki sayar mini.
Ta ce kai ka sayar mini.
Muka yi shiru,
kaji na tono a gindin shuri.

Ta saka su duka biyu,
hudar hagu ta kusa toshewa, sai da ta cije leɓe.
Kulluwa da kanta ta riƙe madubi.
Nata ya side, ya yi haske, wuya ya cinye gefensa,
nawa ya yi baƙi, zanensa garau kamar jiya.
Ta kaɗa kai: ɗaya ya yi kuka siriri,
ɗaya ya amsa da dusasshiyar murya.
Uwa ɗaya, maƙeri ɗaya,
amma wa zai ce musu wari?

Ta cire nata, ta aje a ƙyallena.
"Wannan ya gaji, ya kwanta.
Wancan ya daɗe bai ji iska ba."
Ta gyara kallabi,
ta tafi neman motar Barmu tun da wuri.

Da dare na ƙirga, don sabo.
Ɗari da sha bakwai.
Kulluwa ta miƙo hannu daga gado,
ta ce, "Mu ga na tsohuwar nan."
Da sauran ɗumi a jikinsa.